Yadda ake jawo barewar manjak, a sa mata ido, a rage yawanta a kurmin Ingila

Duk wanda aka damƙa wa kula da kurmi a kudanci ko tsakiyar Ingila, ɗalibin gandun daji ne ko ma'aikacin gona, ba zai daɗe ba zai haɗu da manjak, wadda Turawa ke rubutawa muntjac. 'Yar ƙaramar barewa ce ja mai duhu, girmanta bai wuce na gada ba. Tsayinta a kafaɗa kamar santimita 45 zuwa 52, nauyin babba kuwa tsakanin kilo 10 da 18. Tana tafiya kai a ƙasa, baya a ɗan tanƙware, in ta firgita sai ta ɗaga wutsiya farin ƙarƙashinta ya bayyana, ta shige duhu. Tana haushi kamar kare, kuma takan daɗe tana yi ba ta tsaya ba.

Asalinta kudu maso gabashin Sin ne da tsibirin Taiwan. Duke na Bedford na 11 ne ya kawo ta gandunsa na Woburn Abbey a yankin Bedfordshire wajen ƙarshen ƙarni na 19. Wasu suka tsere, wasu kuma da gangan mutane suka ɗauka suka sake a wurare daban-daban. Yau ta mamaye mafi yawan Ingila ta shiga Wales. Haka ma ta yi wa Japan a lardin Chiba. Daga cikin nau'in barewa 6 da ke yawo a dazukan Birtaniya, ita kaɗai ce ba ta da lokacin haihuwa. Mace takan balaga tana wata 7, ta yi ciki na wata 7, ta haifi ɗa guda, kwana kaɗan bayan haihuwar kuma ta sake ɗaukar wani. Babu zaki, babu kura, babu kyarkeci da zai rage ta. Mota da mafarauci ne suka fi rage ta.

Ɓarnarta a ƙasa-ƙasa take, shi ya sa mai wucewa ba ya lura. Manyan bishiyoyi suna nan tsaye, amma duk abin da ke ƙasa da ƙugun mutum an share shi: furannin bulubel da firimros, tohon kututturen itacen hezil da aka sare don ya sake fitowa, 'ya'yan itatuwan da ya kamata su gaji iyayensu, da sarƙaƙiyar ƙaya da tsuntsaye irin naitingel ke sheƙa a ciki. A kurmin Monks Wood da ke Cambridgeshire, masanin nan Arnold Cooke ya shafe shekaru yana rubuta yadda manjak ta canja kamannin wurin. Ni a wajena nan ne ma'aunin aikin gaba ɗaya. Yawan gawar da aka jera ba ya nuna nasara, tsiron da ya dawo ne ke nunawa.

Fara da doka kafin ka taɓa komai

Dokar Barewa ta 1991 ce ke aiki a Ingila da Wales. Manjak ba ta da watannin da aka hana harbinta, saboda haihuwarta ba ta da lokaci. Amma an hana tarko, an hana zarge, an hana guba, an hana kwari da baka, an hana harbi daga mota tana tafiya. Harbin dare, wato daga awa ɗaya bayan faɗuwar rana zuwa awa ɗaya kafin fitowarta, sai da lasisi daga hukumar Natural England. Tun 2007 aka yarda a harbi manjak da bindiga mai bakin inci .220 zuwa sama, muddin ƙarfin fitar harsashin ya kai jul 1,356, harsashin kuma mai taushin kai ne ko mai rami a kai, nauyinsa bai gaza giram 3.24 ba. Shi ya sa ake yawan ganin .222 da .223 da .243 a hannun masu wannan aiki.

Kana buƙatar takardar mallakar bindiga daga 'yan sanda, da izinin mai ƙasa, kuma ka nemi izinin a rubuce. Yawancin masu ƙasa ba za su saurare ka ba sai sun ga takardar horo ta DSC1, wadda ƙungiyoyi irin British Deer Society da BASC ke koyarwa. Tun Disamba 2019 kuma an haramta ajiye manjak ko kiwonta ko sakinta, har wadda aka tsinta da rauni aka yi wa magani ba a mayar da ita daji. In kai ba maharbi ba ne, babu laifi. Rabin aikin da ke ƙasa ba ya buƙatar bindiga, sauran rabin kuma sai ka nemo wanda ya ƙware.

Koyi karanta ƙasa

Ka shiga kurmin tsakanin Janairu da Maris, lokacin da ganye ya zube kuma ƙasa na da laima. Ka tafi a hankali, ido a ƙasa, da taswira a hannu ko waya mai nuna wuri.

Sawunta ƙarami ne, tsawonsa kamar santimita 3, kuma sau da yawa ɓari ɗaya na kofaton ya ɗan fi ɗayan tsawo. Ka fi samunsa a bakin kwata da inda turba ta gangara ta haye rami. Kashinta baƙi ne mai sheƙi, ƙwaya-ƙwaya, kamar santimita 1, kuma takan riƙa tara shi wuri guda. Turbarta siririya ce, ba ta bin sarari, tana kutsawa ƙarƙashin ƙaya ta bar wani ɗan rami zagayayye da mutum sai ya durƙusa zai leƙa. A ƙasan shinge ma za ka ga inda ta saba ratsawa, ƙasar ta yi sumul, wani lokaci da ɗan gashi maƙale a waya.

Daga nan sai ka duba bakin cizo. Barewa ba ta da haƙoran gaba a sama, don haka in ta ci reshe sai ta fizge, bakin ya zama a yage da 'yan zaruruwa. Zomo kuwa yanka yake yi a karkace, sumul. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya hana ka ɗora wa barewa laifin zomo. Manjak tana da wata dabara: in ƙaramin itace ya fi ta tsawo, sai ta hau kansa da ƙirji ta lanƙwasa shi tsakanin ƙafafunta, ko ta cije shi ya karye a tsakiya, sannan ta cinye kan. In ka ga sanduna a karye suna reto ƙasa da mita ɗaya, da wuya in ba ita ba ce. Namiji kuma yana goge ɓawon ƙananan itatuwa da ƙaho da fiƙa, ƙasa da gwiwar mutum.

Duk abin da ka gani ka sa alama a taswira. Cikin zagaye biyu ko uku za ka ga turbobin sun haɗe, daga makwanci zuwa wurin kiwo, kuma a kan wannan zanen ne za ka ɗora komai.

Kafa ma'auni kafin ka rage ko guda

Ƙirga manjak ɗaya bayan ɗaya a cikin kurmi mai duhu abu ne da ba ya yiwuwa, kuma kusan kullum wanda ya yi ƙiyasi da ido yana rage lissafi. Abin da ake iya aunawa shi ne ɓarnarta.

Abu na farko, ka killace wasu 'yan filaye, kamar mita 4 a kan 4, da ragar waya mai ƙananan idanu. Kusa da kowanne ka buga turaku huɗu a fili mai girma ɗaya da haske ɗaya, ka bar shi a buɗe. Ka ɗauki hoton su biyun daga wuri guda a watan Mayu, ka maimaita kowace shekara. Ba a daɗewa bambancin zai fito: ciki ya cika da toho da fure, waje kuma fayau. Wannan hoto ya fi dogon bayani tasiri a kan mai ƙasa ko maƙwabcin da bai yarda akwai matsala ba. Burinka shi ne wata rana waje ya kusa kamo ciki.

Na biyu, gwajin aibi, tsiron nan mai koren ganye da ke hawa bishiya kuma ba ya zubar da ganye ko a tsakiyar sanyi. Cooke ya yi amfani da shi sosai. A ƙarshen hunturu ka yanko rassa 20 masu ganye, ka soke su a ƙasa a jere, tazarar mita ɗaya. Ka dawo washegari, ka dawo bayan kwana 3, ka dawo bayan mako guda, kana rubuta nawa aka taɓa, nawa aka tsige tas. In an cinye mafi yawa a daren farko, to barewar ta yi yawa kuma yunwa na damunta. In mako ya cika da saura da yawa, akwai sauƙi. Ba ka kashe ko kwabo ba, kuma in ka riƙa yi a wuri ɗaya a wata ɗaya duk shekara, lissafin zai gaya maka ko aikinka na ci.

Na uku, kyamarar daji mai ɗaukar hoto in ta ji motsi. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaure ta sama. Ka sa ta daidai gwiwa, ka karkata ta tana kallon tsawon turba, don in ta fuskanci turbar a gicciye dabbar za ta wuce kafin ta ɗauka. Ka juya ta arewa saboda hasken rana, ka share ciyawar da iska za ta riƙa kaɗawa a gabanta, ka bar ta mako biyu ba ka je ba. Yawan zuwa duba katin hotunan kyamarar yana barin warinka a wurin.

A hoton ka koyi bambance su. Namiji yana da gajeren ƙaho a kan dogayen tushe masu gashi, da baƙin layi biyu da suka haɗu a goshi kamar harafin V, da fiƙa da ke leƙowa daga leɓen sama. Mace ba ta da ƙaho, baƙin tabo ne shimfiɗe a goshinta. Maza sukan zubar da ƙaho wajen Mayu da Yuni, don haka a lokacin ka dogara da zanen fuska. Yagaggen kunne ko karyayyen ƙaho zai taimaka maka gane ɗaiɗaiku. Ka rubuta lokacin da kowacce ke wucewa, ka kuma lura da matan da cikinsu ya yi nauyi da waɗanda ɗa ke bi. Mai hali yana iya ƙarawa da na'urar hangen zafin jiki, ko ya ɗauko masu jirgi marar matuƙi su zagaya a ƙarshen hunturu, sai dai ƙaya mai kauri na ɓoye wasu ko daga sama.

Yadda ake jawo ta

A nan ake yawan rikicewa. Ba a jawo manjak don a ciyar da ita. Ana jawo ta ne don ta fito daga duhu zuwa inda za a gan ta da kyau, a san ko wace ce, kuma in za a yi harbi, harsashi ya ƙare a cikin ƙasa. Saboda haka wurin ake fara zaɓa, abinci ya biyo baya.

Ka nemi inda turba biyu ko uku suka haɗu kusa da ƙaya. Ka share ɗan fili ko ka yanke ciyawar hanyar da ta ratsa kurmin, faɗin 'yan mitoci, ka bar gefen da ɗan duhu, domin manjak ba ta son nisa da maɓoya. Sabon tohon da zai fito bayan yankan shi kansa abin jawowa ne. Sannan ka kafa kujera mai tsani a jikin bishiya, tazarar mita 40 zuwa 70, ta yadda iskar da ta fi kaɗawa, wadda a Ingila daga kudu maso yamma take zuwa, za ta taso daga filin zuwa gare ka. Amfanin hawa sama biyu ne: kana gani ta saman ƙaya, kuma harbinka ƙasa yake nufa. Ka tabbata babu hanyar jama'a ko gida ko titi a bayan filin. Kurmin Ingila cike yake da masu yawo da karnuka, kuma sukan ɓullo ta inda ba a zata ba.

Abin da ya fi jawo ta a hunturu shi ne aibin nan. Ka yanko babban reshe daga sama inda bakinta ba ya kaiwa, ka rataye shi ƙasa-ƙasa. Tuffa da aka rarraba ma tana aiki, haka masara da alkama. Duk mai kula da tsuntsayen farauta ya san manjak ba ta barin mazubin hatsinsu, don haka in akwai irinsa a wurin, rabin aikin an yi maka. Wasu na ɗiga man anis a kan hatsin saboda ƙamshi. Dunƙulen gishirin lasa kuwa wani wuri ya karɓu, wani wuri ta wuce shi ko kallo babu, kada ka dogara da shi. Ka zuba kaɗan-kaɗan a kai a kai, ka warwatsa yadda za ta tsaya tsinta. In ka tara tsibi, ɓeraye da kurege za ka tara. A yankin da ake kiwon shanu kuma ka guji masara, don tana jawo dabbar nan baja (badger a Turance), wadda ake dangantawa da yaɗa tarin fuka na shanu. In aikin ya ƙare, ka daina zubawa.

Akwai kuma kira. Wata 'yar roba ce mai suna Buttolo, da aka ƙera a Jamus don wata barewar daban, ana matsa ta da hannu ta yi ƙara siririya irin ta ɗan barewa. Ka zauna shiru minti 10 tukuna, ka matsa sau uku ko huɗu a hankali, ka dakata, ka maimaita. Wani lokaci sai ka ga namiji ya fito a guje, wani lokaci ya tsaya cikin duhu yana haushi yana buga ƙafa. In ka yawaita a wuri ɗaya za su gane, su daina zuwa. Abu ɗaya kuma da nake roƙon kowa ya riƙe: macen da ta rugo da ƙarfi saboda wannan kuka, mai yiwuwa tana da jariri kwance a kusa. A bar ta ta tafi.

Wacce ake harbi, kuma ta yaya

Mai son ƙaho namiji yake nema, amma harbin maza kaɗai ba ya rage komai. Ka ɗauke namiji yau, wani ya gaje yankinsa cikin 'yan makonni, matan kuma su ci gaba da haihuwa. Mata ne ke riƙe da yawan. Matsalar ita ce babbar mace kusan kullum ko tana da ciki, ko tana shayarwa, ko duka biyun. Shawarar British Deer Society ita ce a zaɓi ƙananan matan da ba su fara haihuwa ba, da waɗanda cikinsu ya tsufa sosai. Jin haka da farko ba daɗi, na sani. Dalilin shi ne mai tsohon ciki ɗanta na baya ya riga ya girma ya dogara da kansa, alhali siririyar mace mai shafaffen ciki, musamman wadda namiji ke bi a baya, ba ta daɗe da haihuwa ba, kuma in aka kashe ta jaririn yunwa ce za ta kashe shi a hankali cikin ƙaya. In ka yi shakka, ka sauke bindiga. Dabba ce da ba ta kawo kanta Ingila ba, kuma rage yawanta bai ba kowa damar azabtar da ita ba.

Ka hau kujera kafin gari ya waye ko awa biyu kafin magariba, ko da yake manjak na kiwo a ɗan tsakanin sa'o'i dare da rana, don haka hantsi ma ba a raina shi. Ka hau da bindiga babu harsashi, sai ka zauna ka ɗura. Ba ta cika tsayawa ba, kullum tana cikin 'yar tafiya. Ka sa ta a saiti, ka yi ɗan fito ko gajeren haushi, za ta tsaya na daƙiƙa biyu ko uku. Ka jira ta ba ka gefe sosai, ka nufi ƙirji daf da bayan ƙafar gaba, inda zuciya da huhu suke. Ban da harbin kai, ban da harbi tana tafiya, ban da harbi ta cikin ganye. Musulmi ya ambaci sunan Allah lokacin sakin harsashi, in kuma ya tarar da ita da sauran rai ya yanka.

Bayan harbi ka sake ɗurawa, ka riƙe wurin da ido, ka jira kamar minti 10. Ko wadda aka samu a zuciya tana iya rugawa 'yan mitoci ta faɗi cikin ƙaya. Ka je inda ta tsaya ka duba jini da gashi: jini mai haske da kumfa na huhu ne, ba ta yi nisa ba, in ka ga koren abinci a ciki, tumbi aka samu, sai ka ƙara jira ka nemo karen da aka horar da bin jini. Ka yi hattara da namiji mai rauni, fiƙarsa na yanka kare har da hannun mutum.

Ka fasa cikin nan take, da safar hannu. Ka duba huhu da hanta da kaluluwa, in ka ga kumburi mai ruwan mugunya ka ware gawar ka sanar da hukumar lafiyar dabbobi ta APHA. Ka rataye naman ya huce, ya sauka zuwa digiri 7 ko ƙasa. Fatarta na da taurin fiɗa, ta fi sauƙi tun da ɗumi. Naman kuwa laushi gare shi, ba ƙarni. Mai niyyar sayarwa sai ya bi ƙa'idar hukumar abinci ta Food Standards Agency. Kana komawa gida ka duba jikinka, saboda kaskar kurmi na ɗauke da cutar Laim.

Shinge, da maƙwabta

Inda aka sare hezil ko aka dasa sababbin itatuwa, harbi kaɗai ba zai kare su a shekarun farko ba. Shingen manjak ya kai mita 1.5, idon ragar kada ya wuce milimita 75, domin in kanta ya shiga, jikinta ma zai bi, ko ta maƙale ta mutu a wurin. Ta fi son kutsawa ta ƙasa a kan tsallakewa, don haka ka binne gindin ragar ko ka shimfiɗa shi waje ka danne da turaku. Ka zagaya shingen bayan kowace iska mai ƙarfi. Barewa ɗaya da ta shiga ta kasa fita ta fi rashin shingen ɓarna. Ga itace ɗaiɗai, bututun roba mai tsawon mita 1.2 ya isa. Tara rassa a kan kututture yana ɗan taimakawa na shekara guda, amma manjak takan mayar da tarin makwanci.

In kurminka ƙarami ne, duk wadda ka ɗauke wata za ta shigo daga gonar maƙwabci ko lambunan bayan gari. Ka nemi masu ƙasar da ke kewaye, ku kai su su ga filin da ka killace, ku sa rana ɗaya ko biyu a Fabrairu ko Maris da za a hau kujeru da yawa lokaci guda, kowa ya san inda ɗan'uwansa yake da inda aka hana shi nufa. Kowace dabba a rubuta ranarta, wurinta, jinsinta, nauyinta, da ko tana da ciki. A ƙarshen hunturu ka sake soke rassan aibi, a Mayu ka sake ɗaukar hoton filayen. In har yanzu ana tsige aibin a daren farko kuma tohon hezil bai wuce gwiwa ba, ka ƙara yawan matan da za a ɗauka a shekara mai zuwa, ka kuma matsar da kujerun zuwa turbobin da kyamara ta nuna sun fi cika.